An Rasa Shi

Litinin, 14 ga Yuli, 7:20 na safe

Kai da ka ɗauki littafin nan ba da izinina ba, amsa mini wannan kafin ka ci gaba: in aka ce maka "an rasa shi," me ka ji? Ya mutu, ko kuwa ba a gan shi ba? Kada ka tsaya tunani. Inji ba ya tsayawa.

Sunana Sabo. Gidanmu yana Badarawa, ina aikin buga takardu da fotokwafi a wani shago a Kawo. A aji uku na sakandare na tsaya. Sauran karatun ni na yi wa kaina, da ƙasidun da yayana Ubaidullah yake kwaso mini daga ofis in za a zubar da su. Malamin gona ne, yana kuma da shirin manoma a rediyo duk Asabar. Ranar Talatar da ta wuce ya hau mashin ya ce zai duba gonakin gwaji a ƙauyukan bayan Mando, zai dawo kafin la'asar.

Yau kwana shida. Ba wanda ya kira. Iyakar abin da zan rubuta a kan wannan ke nan.

Abin da ya sa na buɗe littafi daban ne. Akwai Kundin Kowa, wikin Hausa da muke rubutawa, kowa ya zuba abin da ya sani, kowa ya gyara na wani. A ƙasan kowane shafi akwai rukunin da aka jefa shi. Shafin Yaya shi ne na farko da na taɓa rubutawa a rayuwata, kuma shekara uku yana rukunin Rayayyu. Da safen nan na buɗe, na gan shi a Mamata. A gaban sunansa an sa Marigayi.

Na duba tarihin gyara. Ƙarfe 5:42 wani marar suna ya ƙara layi: "An rasa shi tun ranar Talata 8 ga Yuli. Duk wanda ya gan shi ko ya ji labarinsa ya taimaka." Ƙarfe shida daidai Tsintsiya, bot ɗinmu, wato injin da ke jera mana rukunoni, ta zo ta ɗauke shi.

Na goge layin. Na mayar da shi Rayayyu. Awa ɗaya da minti goma ya yi a can.

Litinin, 2:30 na rana

Mutum bakwai sun kawo fotokwafi. Na yi. Ɗaya ya ce na sa masa takardar a kife. Na sake.

Talata, 15 ga Yuli, 6:20 na safe

Rayayyu. Na duba sau uku.

Bari in faɗa tunda ba mai faɗa: Tsintsiya ni na ƙera ta. Wata biyar ina koyo daga bidiyo a waya, a shago, in babu kwastoma. Kafin ita kundin nan juji ne. "Mutanen Kaduna." "Mutanan Kaduna." "Yan kaduna." "Mutanen Kadunna," da na biyu, wallahi. Rukuni goma sha ɗaya, mutanen kuwa su ne dai. Masu digiri ne suka yi wannan ɓarnar, ni mai aji uku na kwashe. Mutanen da suka mutu tun kafin a haife ni suna zaune a Rayayyu suna shan iska. Sai na ba ta jerin kalmomi: in ta ga "ya rasu," ko "marigayi," ko "ya riga mu gidan gaskiya," da ire-irensu, ta ɗauki mutum ta kai shi inda ya dace. Cikin mako ɗaya ta daidaita shafi dubu huɗu. Kullum shida na safe take fita, kamar kowace tsintsiya.

Da na nuna wa Yaya, dariya ya yi har da riƙe ciki. Ya ce, "Kai da ko ɗakinka ba ka sharewa."

Tsintsiya ba ta da laifi. Abin da aka ba ta ta yi. Laifin na wanda ya rubuta layin ne, kuma sai na gano shi.

Laraba, 16 ga Yuli, 5:10 na yamma

Na dawo daga shago na tarar da tabarmi a ƙofar gida. Takalma reras.

Awa ɗaya da minti goman nan ta isa. Wani ya ɗauki hoton shafin ya jefa a guruf ɗin ma'aikatar su Yaya, daga nan ya bazu. Mutane sun zo gaisuwa. Wata tsohuwa ta kama hannun Umma ta ce, "Hajiya Kaltume, ya haƙuri?" Umma ta ce, "Haƙurin me?" Tsohuwar ta waiga tana neman wanda zai cece ta.

Baffa Maliki, ƙanin marigayi babanmu, shi ne ya sa aka shimfiɗa tabarmin. Ya kira ni gefe, ya miƙe hannu da wayar nesa da idonsa kamar yadda yake karatu.

"Ba kai ne kake ce mini su ba sa rubuta abu sai da madogara ba?"

"Kuskure ne, Baffa. An gyara."

"An gyara ko an ɓoye?"

Na ce an gyara. Ya ce to wa ya yi kuskuren. Na ce inji ne. Ya ce inji ya fi mutum sanin abin da yake yi, shi dai ya shekara talatin da biyar a ofis ya gani. Na je na tattara kofuna.

Alhamis, 17 ga Yuli, 6:05 na safe

Mamata.

Layin ya dawo, ƙarfe 5:51, kalma ɗaya ba a canza ba. Na goge. A wurin da ake rubuta dalilin gyara na sa: "Wannan kundi ne, ba sanarwar cigiya ba. Ko wane jaki ne ya daina." Na mayar da shi.

Alhamis, 11:00 na safe

Na aika wa Zaharaddeen saƙo. Shi ne babban admin ɗinmu, malamin jami'a ne, makullin Tsintsiya yana hannunsa tun bara. Na ce ya tsayar mini da ita na kwana biyu. Ban faɗi dalili ba.

Ya amsa: "Malam Sabo, na ji abin da ya faru, Allah ya bayyana shi cikin aminci. Amma ka fi kowa sanin ƙa'ida. Duk canji a kan bot a Dandali ake rubuta shi, a bayyana kuskuren a gaban jama'a, a ji ra'ayinsu."

Na fi kowa sani kam. Ni na kawo dokar, lokacin da wani ya taɓa mini ita a ɓoye ta haɗa Birnin Kudu da Birnin Kebbi. Kwana uku ina faɗa a Dandali, shafin tattaunawarmu, sai da aka amince. Na ce duk wanda ya yi kuskure ya fito fili ya faɗa da sunansa.

Na buɗe Dandali. Na rubuta "Assalamu alaikum." Na rufe.

Juma'a, 18 ga Yuli, 7:00 na safe

Umma ta zuba masa tuwo a kula jiya. Da safe ni na ci ɗumamen.

Asabar, 19 ga Yuli, 4:40 na yamma

Makon jiya gidan rediyon sun maimaita tsohon shirinsa, na tsutsar masara. Umma ta ɗora rediyon a cinya ta ji shi daga farko har ƙarshe, yana cewa a duba cikin kunnen masara da sassafe kafin rana ta yi zafi. Yau da lokacin ya yi, karatun Alƙur'ani suka sa. Ba su ce komai ba, karatu kawai.

Umma ba ta kashe ba. Da aka gama ta ce, "Sun canza masa lokaci ke nan."

Takalmin ruwansa yana bakin ƙofa. Ranar bai sa shi ba, ya ce sama garau take.

Lahadi, 20 ga Yuli, 6:10 na safe

Yanzu daga masallaci nake dawowa da waya a hannu. Layin yana shigowa kafin shida da 'yan mintuna, in goge kafin Tsintsiya ta fito. Jiya na riga ta. Yau sabis ya tsaya, abin yana ta juyawa, ina tsaye a bakin kwata ina ɗaga waya sama.

6:00 Mamata. 6:07 Rayayyu.

Minti bakwai. Ban ji komai ba. Na shiga na sha koko.

Litinin, 21 ga Yuli, 5:30 na yamma

Matar Yaya, Anti Ilham, tana gidanmu tun ranar. Malamar firamare ce. Da can tsokanata take yi, Malam Kundi take ce mini. Yanzu gaisuwa kawai. Amma kullum da safe sai ta sa kwalli, baƙi ƙirin, ta fito tsakar gida da shi. Matar Baffa ta ce mata ai ya kamata ta fara rage irin wannan. Anti ta ce, "Mijina yana so."

Baffa ya yanke. Wani ya ce wani ya ce an ga mashin a wani wuri, sannan ga abin da kundi ya rubuta, ba sau ɗaya ba, sau uku, yana da hotunan duka. In Juma'a ta zo ba labari, za a yi masa sallar ga'ib, Anti ta shiga takaba. Ya ce ba mugunta ba ce. Ya ce ba a barin mace a rataye, ba a barin uwa tana zuba tuwo.

Kwana huɗu.

Na san abin da zan ce in hana. Jimla ɗaya ce. Na zauna na ji shi har ya gama, na raka shi bakin titi ya hau Keke.

Talata, 22 ga Yuli, 1:15 na rana

Harira ta zo shago. A laburare take aiki, ita ce mai rubuta mana shafukan itatuwa da ganyaye a kundi. Ta kawo takarda ɗaya tak a yi mata fotokwafi, alhali suna da inji a wurin aikinsu.

Ta ce, "Ya Umma?"

Na ce tana nan.

Ta ce, "Sabo, ban zo in ce na faɗa maka ba."

Na ce to kada ki ce. Ta karɓi takardarta ta tsaya tana kallon injin yana hucewa, sannan ta tafi.

To. Tunda littafina ne.

A jerin kalmomin da na ba Tsintsiya, na takwas shi ne "an rasa shi." Ni na sa. Lokacin da na kai jerin Dandali bara, kowa ya ce madalla sai Harira. Ta rubuta: "A cire na takwas. Akuya ma ana rasa ta, da yamma ta dawo." Ni kuma na amsa mata: "Wannan kundi ne, ba sanarwar cigiya ba. Wanda Hausa ta fi ƙarfinsa ya koma aji ɗaya." Mutum goma sha ɗaya suka yi dariya a ƙasa. Na ƙirga su a lokacin. Na ji daɗi.

Yana nan har yanzu, ba a goge Dandali.

Laraba, 23 ga Yuli, 6:40 na safe

Na shigo daga masallaci, wayata ta yi ƙara: an gyara shafin. Na ɗaga kai. Anti Ilham tana zaune a kan turmi a tsakar gida, waya a hannu, yatsa ɗaya a kanta.

Na ce, "Anti. Ke ce?"

Ba ta ɓoye wayar ba. Ta ce, "Ni ce jakin."

Na rasa inda zan sa idona. Ta ce ta ga sunana tun ranar farko, ta ce wa kanta ƙila aikina ne, dole in goge. Ita kuma dole ta rubuta.

"Me ya sa a nan? Ga rediyo, ga masallatai."

"An yi duka. Yayanka ya ce duk wanda ya nemi sunansa a waya, shafinka ne yake fara fitowa. Har manoma yake nuna wa a ƙauye, ya ce ƙanina ne ya rubuta, bai yi jami'a ba."

Ban san yana nunawa ba. Ni dariyar kawai na sani.

Ta ce, "Abin da ban gane ba, wane maƙiyi ne yake bin bayana yana sa masa marigayi? Kai da ka san su, wane ne?"

5:58 ne a lokacin. Da na goge, da na riga ta. Sai na tsuguna kusa da turmin na ce ta riƙe wayar ta kalli ƙasan shafin. Muka kalla. Zakaran maƙwabta yana ta yi. Shida ta buga, na ce ta sake buɗewa.

Ta karanta. Na gaya mata komai, har da na takwas, har da akuyar Harira.

Sannan ta ce, "Kai ka koya mata?"

"Ni."

"Ba ka koya mata ta yi tambaya ba?"

Na ce ba ta iya tambaya.

Ta miƙo mini wayarta. "To rubuta shi yadda ba za ta taɓa shi ba. Amma kada ka ƙara goge mini."

Na rubuta: "Ba a gan shi ba tun ranar Talata 8 ga Yuli." Na bar sauran yadda ta sa. Kwana tara ina yaƙi da layin nan, ban taɓa tunanin in canza kalma uku ba. Gogewa kawai na iya.

Alhamis, 24 ga Yuli, 6:01 na safe

Rayayyu. Layin yana nan. Ta wuce shi.

Alhamis, 5:45 na yamma

Baffa ya zo da Malam Nuhu, limamin unguwarmu, a tsara na gobe. Suka zauna a falo, Umma da Anti suna bayan labule. Malam ya ji bayani har ƙarshe yana murza carbi, sannan ya ce, "Alhaji, wa ya ga gawa?"

Baffa ya ce babu.

"Wa ya shaida?"

Baffa ya ciro waya ya miƙa masa hoton.

Malam ya ce, "Wannan wa ya rubuta shi? Ina son sunansa da na ubansa."

Baffa ya ce intanet ce.

Na ce, "Ni ne, Malam."

Duk suka juyo. Na yi bayani. Muryata kamar ina karanta wa kwastoma takardarsa in ji ko akwai gyara. Na ce babu wanda ya kawo labari, babu wanda ya san komai, inji ne da na ƙera ya ga kalma uku ya ɗauka mutuwa ce, domin haka na gaya masa.

Baffa ya ce, "Kai ne intanet ɗin?"

"Wannan ɓangaren dai, ni ne."

"Kana gani na shimfiɗa tabarma. Kana gani mutane suka zo daga Rigachikun. Ka tattara kofuna, Sabo!"

Na ce e.

Ya ɗaga hannu, ya sauke. Ya cire hula ya ɗora a gwiwa. Ban taɓa ganin kansa ba hula ba, duk ya yi fari.

Malam Nuhu ya ce ba salla, ba takaba. Ya ce wadda mijinta ya ɓata hukuncinta daban ne, jira ne, mai tsawo, kuma alƙali ne yake yanke shi, ba waya ba. Ya ce a ci gaba da addu'ar Allah ya bayyana shi. Da zai fita ya tsaya a kaina ya ce, "Gobe bayan Juma'a kai za ka tashi ka faɗa wa mutane, ba ni ba."

Sai Umma ta yi magana daga bayan labule. Yaya ɗan fari ne, tunda nake ban taɓa jin sunansa a bakinta ba. "Yayanku" take cewa, ko "wancan."

Ta ce, "Sabo. Yanzu ina ka sa Ubaidullah?"

Na ce, "Yana Rayayyu, Umma."

Ta ce, "To bar shi a nan."

Juma'a, 25 ga Yuli, 3:20 na yamma

Na tashi na faɗa. Wasu sun gane, wasu sun ce Allah ya shirya. Ba a yi sallar ga'ib ɗin ba.

Bai dawo ba.

Asabar, 26 ga Yuli, 4:40 na yamma

Jiya na je gidan rediyon na yi musu bayani. Yau sun sa na takin zamani. Yana cewa kada a zuba a jikin tushe, a ba shi tazarar yatsa huɗu. Umma ta auna yatsa huɗu a kan tabarma.

Lahadi, 27 ga Yuli, 8:00 na safe

Kula. Na ci.

Litinin, 28 ga Yuli, 12:30 na rana

Harira ta dawo, wannan karon da takardar gaske. Ta bi tarihin Tsintsiya tun daga ranar farko, ta tsamo duk wanda ta kai Mamata saboda na takwas kaɗai. Ban da Yaya, mutum goma sha bakwai.

Tara sun rasu da gaske, ta samo sanarwar jana'izarsu. Takwas babu. Wani mai unguwa. Wata ungozoma. Wani ɗan ƙwallo da ya tafi gwaji bai isa ba. Wani mai haɗa magungunan dabbobi. A kowane shafi akwai layi irin na Anti, wani har da lambar waya, wani da "don Allah" sau biyu. Su ba su da ƙanin da yake tashi da asuba yana mayar da su. Tun ranar da ta ɗauke su suna can.

Mai magungunan tun Disamba. Shafin ya ce yana da mata da 'ya'ya uku. Takaba wata huɗu ce da kwana goma. Na ƙirga a yatsa daga Disamba, na sake ƙirgawa. Ta ƙare tun tuni, in an yi ta. Ban sani ba ko an yi. Ban sani ba ko akwai wani Baffa a gidansu mai miƙe hannu da waya.

Harira ta ce, "Ka yi magana mana."

Na ce inji yana jira, akwai mai fotokwafi.

Litinin, 4:00 na yamma

Na canza kalmomin a shafuka takwas ɗin, na fitar da su daga Mamata. Sai na tsaya. Ban san inda zan kai su ba. Na buɗe sabon rukuni na sa masa suna Waɗanda Ake Jira. Akwai dokar da ni na kawo, cewa duk rukunin da bai kai shafi uku ba Tsintsiya ta share shi. Ba mu sha wahalar cikawa ba. Da Yaya tara.

Sannan na buɗe Dandali. Wannan karon na wuce sallama. Na rubuta komai da sunana, na jera sunayen tara, na ce a cire na takwas, a kuma sa sanarwa a shafin farko na kundi domin iyalansu su gani. Na ce Harira ta faɗa tun bara, na zage ta, ita ce da gaskiya.

Laraba, 30 ga Yuli, 10:20 na safe

Zaharaddeen ya kira. Bai taɓa kirana ba sai yau.

"Malam Sabo, ya muka ji da wannan abu? Ka ga, mu bi shi a hankali. Yau ɗin nan zan cire kalmomin, ba sai an jira kowa ba. Tarihin shafukan kuma akwai yadda ake rufe shi. Kai dai ka janye abin da ka sa a Dandali."

Na ce saboda me.

"Wata mai zuwa muna da taron horaswa, 'yan jarida za su zo. In aka ji kundi ya kashe mutum tara, wa zai ƙara yarda da mu? Shekara nawa muna gina abin nan? Kai ma guminka yana ciki."

Na ce, rukunin fa?

"Wannan kam ba zai zauna ba. Jira ba ilimi ba ne. Ina madogara?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, lokacin da suke Mamata ina madogarar take? Wata bakwai ba ka tambaya ba."

Ya ce in sassauta harshe, ya san ina cikin damuwa. Na ce ba na cikin komai. Na ce ranar sha bakwai ga wata na roƙe shi a ɓoye ya ce mini Dandali, to ni ma yau Dandali. Ya ce ai dokar tawa ce. Na ce shi ya sa.

Gaskiyarsa ɗaya: gumina yana ciki. Na kashe waya na ci gaba da buga wa wata mata takardar neman aiki.

Alhamis, 31 ga Yuli, 6:05 na safe

Tara suna nan. Na takwas na jerin ma yana nan a cikin Tsintsiya, tana fita da shi kullum.

Mutum ɗari biyu da sha huɗu sun buɗe abin da na rubuta. Amsa ɗaya: "Na goyi baya. Harira." Goma sha ɗayan nan masu dariya duk suna nan, ina ganin suna gyara shafukan 'yan fim.

Anti ta sa kwalli. Ta ce, "Malam Kundi, sun amsa?" Na ce tukuna.

Juma'a, 1 ga Agusta, 9:30 na safe

Kwana ashirin da huɗu. Umma ta wanke kular ta kife.

Ga abin da na ƙara a Dandali yanzu, na kwafe shi a nan ko da an rufe:

"Zaharaddeen, makulli yana hannunka. Ba na son kira, ba na son saƙo, kada ka ƙara yi mini addu'a a ɓoye. Ni na faɗi nawa a masallaci a gaban mutanen da suka zo mana gaisuwa, na faɗa a nan da sunana. Saura ku. Gobe da shida Tsintsiya za ta fito, kuma yau ɗin nan wata mata a wani gari tana koyon yadda ake gyara shafi da yatsa ɗaya, kalmomin da za ta rubuta kuwa kun san su, domin su ne Hausar da take da ita. Akwai gida takwas da muka ce musu nasu ya mutu ba mu ga gawa ba. Wa zai gaya musu ƙarya muka yi? In kun ce rukunin Waɗanda Ake Jira ba shi da madogara, to ku faɗi inda za a sa su, ɗaya bayan ɗaya, ga sunayensu nan a sama. Ku fara da Ubaidullah. Uwarsa ta tambaye ni ina na sa shi, na ba ta amsa. Kai ma ka ba ta. A nan, a fili, da sunanka."